Masa goma sha bakwai saboda jimla ɗaya

Ɗan ƙanwata ne ya ja min. Yaron da ni na yi masa huɗuba da bakina, yau wai shi ne darakta, yana haɗa bidiyon barkwanci yana sakawa a TikTok. Ya same ni a shago ya ce, "Kawu, dattijo muke nema, fitowa ɗaya ce tak." Na ce ai ka zo gidan. A 1989 ni na fito a sarki a wasan kwaikwayon makarantarmu, har hedimasta sai da ya miƙe yana tafi.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu wajen wata mai masa a bayan kasuwar Wunti. Aikina bai taka kara ya karya ba: in zauna a benci, in gutsuri masa, in ce, "Hajiya, a ƙaro miya." Ya maƙala min wata 'yar makirufo mai kama da ƙwaro a wuyan riga, ya ce, "Kawu, kar ka kalli kyamara, kuma ka riƙa gutsura kaɗan-kaɗan, don za a yi ta maimaitawa." Na dube shi sheƙeƙe. Haifaffen Bauchi za a koya wa cin masa?

Aka ce akshin. Na jefa masa guda sukutum a baki, na ƙura wa kyamara ido, na ɗauko murya irin ta Tafawa Balewa ranar karɓar mulkin kai a 1960, na ce, "Ya ke Hajiya!" Wata akuya da ke kwance a ƙarƙashin bencin ta zabura ta yi ta kanta.

"Kat! Kawu, a hankali, ba filin taro ba ne."

A karo na biyu na ƙara karin magana, don a ganina jimlar ta yi wa mutum irina kaɗan. A na uku na ɗaga wa wani abokina hannu yana wucewa a Keke Napep. Abin da ban sani ba, duk sanda aka ce kat sai an cike farantin ya koma yadda yake da farko, Hajiya kuwa tana gaban tanda tana ta zuba ƙullu ba ta ce uffan ba. Miyar taushe ta ɗiga min a farar riga, aka ce in rufe wurin da hannun hagu kar in motsa.

Da na kai ta goma sha shida, ciki ya ɗaure tamau, na ce a ba ni minti biyu. Na zagaya bayan wata rumfa na kira uwargida. Na ce mata yaron nan ba shi da kunya, da kunnuwansa kamar faifai, jiya-jiya nake goge masa majina yau yake ce min kat.

Ina dawowa na tarar kowa ya sunkuyar da kai. Mai ɗaukar sauti, da abin sauraro a kunne, kafaɗunsa sai rawa suke. Darakta ya matso ya ce cikin ladabi, "Kawu, makirufon a kunne take. Su kuma kunnuwan, Umma ta ce na wajenku ne."

Ban san lokacin da na ja hula ta rufe nawa ba. Na koma benci na ce, "Ranka ya daɗe darakta, yaya ake so in yi?" Na gutsuri 'yar mitsitsiya, na dubi Hajiya, na faɗi jimlar a sanyaye, don ko numfashi da ƙyar nake yi. Sau ɗaya aka ɗauka, yara suka hau tafi.

Hajiya ta ce kuɗin biyar aka ba ta, sauran sha biyun ni zan biya. Na biya. Yanzu ko masallaci zan je, yaran unguwa daga nesa suke ce min a ƙaro miya.