Masu cewa Cavendish bulus ya ci, ku zo mu zauna

Tun ranar 3 ga Yulin 2024 da Mark Cavendish ya ci zango karo na 35 a tseren keke na Tour de France ya wuce Eddy Merckx mai 34, akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a bakin masu bin wasan nan. Wai ai mutumin ɓuya yake yi a bayan yaransa, wato 'yan ƙungiyarsa, tun safe, kilomita 170 ko fiye suna tare masa iska, sai an zo mita 200 na ƙarshe ya fito ya taka feda na 'yan daƙiƙu a ce shi ne gwarzo. Ni dai ban yarda ba, duk da akwai inda suke da gaskiya.

Inda suke da gaskiyar shi ne Merckx ba sa'ansa ba ne. Ɗan Beljiyam ɗin nan sau 5 yana cinye gasar ɗungurungum, ya ci a kan dutse ya ci a shimfiɗaɗɗiyar hanya ya ci a tseren da ake sakin mutum shi kaɗai da agogo. Cavendish kuwa duka 35 ɗinsa a gudun ƙarshe ya same su, kuma shi kansa bai taɓa kusantar cin gasar baki ɗaya ba. Haka nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a 2009 da ya ci zango 6 yana da Mark Renshaw mai buɗe masa hanya, har a zangon ƙarshe a Paris shi ya zo na ɗaya Renshaw na biyu, a 2021 kuma Michael Morkov ya yi masa wannan aikin. Wannan duk na karɓa.

To amma kafin mutum ya kai ga mita 200 ɗin nan sai ya fara isa wurin da ransa tukuna. Gasar sati 3 ce, zango 21, kuma ranar da aka shiga duwatsun Alps ko Pyrenees akwai ƙa'idar lokaci, idan ka iso bayan wa'adin da aka yanka daga lokacin wanda ya zo na farko to tattara kayanka sai gida, ko kai waye. Mai gudun ƙarshe jikinsa ba na hawan dutse ba ne, cinya ce da nauyi, don haka kwanakin nan azaba ce zalla wadda kyamara ba ta cika nunawa ba. A 2018 haka aka sallami Cavendish a La Rosière don ya makara. A 2024 ma ranar farko daga Florence zuwa Rimini zafi ya kama shi yana amai a kan keke, 'yan ƙungiyarsa na Astana suna kwara masa ruwa a ka, ya iso kusan minti 39 bayan na farko. Kwana huɗu bayan nan ne fa ya kafa tarihin, yana shekara 39. Wane irin bulus ne wannan?

Sannan su kansu mita 200 ɗin ba a san su ba sai an kalle su a hankali. Kekuna na gudun kusan kilomita 70 a awa, kafaɗa na gugar kafaɗa, shingen ƙarfe a gefe, wanda ya taɓa burki shi kenan an wuce shi. A Saint-Vulbas ranar tarihin yaransa sun gama nasu da ɗan saura, shi kaɗai ya rage yana tsallakawa daga bayan tayar wannan zuwa ta wancan kamar ɗan acaɓa a cunkoson kasuwa, da ya ga ƙofa ta buɗe ta hagu ya faɗa, Jasper Philipsen da Cavendish ya girme shi da sama da shekara goma ya biyo shi bai kama shi ba. Wannan ido ne da lissafi, kuma ni a ganina ba a kan kwalta ya koye shi ba, a da'irar katako ta tseren keke a cikin fili ya koya. Keken da'ira ba shi da burki ba shi da canjin giya, kuma a tseren da ake kira Madison mutum biyu ne ƙungiya, ɗaya na gudu ɗaya na hutawa, in za su yi canji sai mai gudun ya kamo hannun ɗan uwansa ya wurga shi gaba a tsakiyar jama'a. Sau 3 Cavendish ya zama zakaran duniya a wannan, 2005 tare da Rob Hayles, 2008 da 2016 tare da Bradley Wiggins. Son da'irar nan har asara ta ja masa, a 2008 ya bar Tour bayan ya ci zango 4 don ya shirya wa Olamfik ta Beijing, ya dawo hannu rabbana, sai a Rio 2016 ya samu lambar azurfa.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai shekarun da babu ne. Daga 2016 sai da ya yi shekara 5 bai ci ko zango ɗaya a Tour ba, ga karayar kafaɗa a 2017 da ya yi karo da Peter Sagan, ga cutar Epstein-Barr mai tsotse ƙarfin jiki, ga ciwon damuwa da shi da bakinsa ya faɗa. A ƙarshen 2020 bayan tseren Gent-Wevelgem ya tsaya gaban kyamara yana kuka yana cewa wataƙila wannan ne na ƙarshe, kowa ya ɗauka ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ƙungiyar Quick-Step ta ɗauke shi, kuma ko Tour ɗin 2021 don gwiwar Sam Bennett ta samu matsala ne aka kira shi, ya je ya ci 4 ya kamo Merckx ya haɗa da koriyar riga da ake ba wanda ya fi tara maki. Shekara ta zagayo suka ajiye shi a gida. A 2023 ta leƙo ta koma, a Bordeaux giya ta yi masa gardama ya zo na biyu, washegari ya faɗi ya karya ƙashin wuya, alhali ya riga ya ce shekarar zai yi ritaya. Ya fasa ya dawo.

Ɗan tsibirin Isle of Man ne da ya yi aikin banki yana tara kuɗin fita tsere, ya ajiye keke a Nuwamban 2024 a Singafo da nasara 165. Mu nan Afirka a wannan gasar hankalinmu na kan Biniam Girmay na Eritiriya da ya ci zango 3 da koriyar riga, shi ya sa da yawa ba su lura da tsohon ba sosai.

Yanzu wanda ke bin 35 ɗin a guje Tadej Pogacar ne, zuwa ƙarshen gasar 2025 yana da 21, kuma shi irin Merckx ne mai ci ta ko'ina. In ya kai, ina jiran in ji ko masu ƙorafin za su tuna shi ma yana da masu tare masa iska.