Tarihin Kano bai tsaya a bakin ganuwa ba, ku hau keke ku gani

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In aka ce a kawo wuraren tarihi na Kano, kowa abu ɗaya yake lissafowa: Dutsen Dala, Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, Gidan Makama, sai ragowar ganuwa. Duk waɗannan namu ne, ina alfahari da su. Amma birnin nan bai taɓa ciyar da kansa ba, bai saƙa wa kansa duk tufafin da ya yi suna da su ba, kuma yaƙe-yaƙen da suka sa ya zama Kano yawancinsu a wajen ganuwa aka gwabza su. Rabin labarin yana ƙauye. Yana Dawakin Kudu, yana Kura, yana Rano, yana Bebeji, yana Fanisau. Kuma ni a ganina babu abin hawan da ya dace da zuwa neman wannan rabin kamar keke.

Na san abin da wasu za su ce. A wajenmu keke abin hawan wanda bai samu ba ne. Yaro ya hau, lebura ya hau, mai tallan itace ya hau, amma magidanci mai albashi in aka gan shi a kan keke sai a fara tambaya ko lafiya, ko an kore shi daga aiki ne. Wannan tunani sabo ne. Iyayenmu sun san lokacin da malamin makaranta ko ma'aikacin En'e yake sayen Raleigh sabo fil, unguwa ta fito kallo, ya riƙa goge shi da tsumma kowace safiya. Babur da mota ne suka zo suka ture shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun koma kansa dole, wasu suna hawa suna sunkuyar da kai. Ni ina cewa su ɗaga kai. Abin da tsada ta mayar da su kansa yana da wani amfani da mai mota ba zai taɓa samu ba.

Mai mota titi kawai ya sani. Daga Kano zuwa Zariya abin da zai gani shi ne gidajen mai, masu tallan rake, da bayan tirela. Mai babur yana iya shiga lungu, amma ƙararsa tana riga shi isa, kuma saurinsa ba ya barin sa ya yi sallama. Mai keke kuwa yana tafiya ne daidai yadda zai ce wa manomi sannu da aiki, manomin ya ɗago ya amsa, har a yi 'yar hira. Yana bin burtali, yana bin hanyar da jakuna suka fitar, in ya tarar da rairayi ya sauka ya tura. Ba ya tsorata kowa. Dattijon da ke zaune a gindin tsamiya ba zai buɗe wa baƙon da ya sauko daga mota mai baƙin gilashi cikinsa ba, zai ɗauka ɗan siyasa ne ko mai neman fili. Amma wanda ya jingine keke, gumi na zuba, ya nemi ruwan sha, nan da nan za a shimfiɗa masa tabarma.

Ku ɗauki Santolo. Matasa nawa ne a birni suka taɓa jin sunan? Alhali akwai zamanin da Santolo, can a ƙasar Dawakin Kudu, ita ce babbar kishiyar Kano, ta gagari sarakuna. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, sarki ya nemi su taya shi da addu'a a kan Santolo, sannan aka ci garin. Wato labarin kafuwar Musulunci a fadar Kano yana ɗaure da dutsen nan na Santolo. Yau gonaki ne kewaye da shi. Ba nisa ne da shi ba, wanda ya fita bayan sallar asuba zai je ya dawo kafin la'asar. Amma muna zaune, mun bar wa 'yan jami'a masu rubuta kundin digiri su kaɗai su san hanya.

Hanyar da na fi so kuwa ita ce ta yankin Kura, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kura tana kimanin kilomita 30 daga birni. Ba na ba kowa shawarar ya bi babban titin Zariya da keke, manyan motoci ba sa ganin mai keke a matsayin mutum. A nemi hanyoyin ciki, ko a ɗora keken a mota a wuce cunkoso sannan a sauke. Da zarar ka shiga yankin noman rani, duniya ta canza. Ruwan da ke bin magudanan nan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma shi ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar shinkafa da tumatir da alkama. A gefen manyan magudanan akwai hanyar burji shimfiɗaɗɗiya, babu hawa babu gangara, babu hayaƙi. Da sanyin safiya a watan Janairu, hazo bai gama tashi ba, za ka ga ko'ina kore shar alhali sauran ƙasa ta bushe ƙurmus. Balbelu na bin masu huɗa, yara na kora tsuntsaye daga shinkafa da gwangwani, kwandunan tumatir jere a bakin hanya ana jiran motar da za ta kwashe su zuwa Kwanar Gafan.

In ka shiga cikin garin Kura, kashe sauri ka saurara. Akwai wani sauti da kunne zai kama kafin ido ya ga komai: dukan mabuga. Mutane zaune a ɗaki, gungumen itace a gabansu, kowa da sandar bugu mai nauyi, suna dukan ƙyallen da aka rina da baba, hannu na sauka bayan hannu ba tare da wani ya karo da wani ba. Ana barbaɗa shuni ana bugawa har baƙin ya koma yana walƙiya. Hannayensu sun rine har gwiwar hannu, kuma in ka taɓa ƙyallen sai ya bar maka shuɗi a yatsa. Wannan shi ne turkuɗin da Buzaye suke naɗawa, wanda ya sa sunan Kura ya kai Agadas da can cikin hamada. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Wa ya saƙa su? Wa ya rina? Mutanen garuruwa irin wannan ne. Yau karofi da yawa sun zama juji, masu sana'ar sun tsufa, 'ya'yansu sun koma acaɓa da noman shinkafa, kuma ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran tarihi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yawancinmu ba mu ma san akwai abin da ake rasawa ba, balle mu je mu gani tun da sauran masu yi.

Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya miƙa Rano. Tun muna firamare muke haddace Hausa Bakwai, muna cewa Kano da Rano su ne sarakunan baba, amma mutum nawa ne cikinmu suka taka Rano da niyyar ganin ta? Ƙasa ce ta duwatsu, hanya na hawa tana sauka, nan ne mai keke zai san ya yi tafiya. Ta yamma kuma ga Bebeji, garin da sojojin Turawa suka fasa a farkon 1903 a kan hanyarsu daga Zariya, kwanaki kaɗan kafin su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A makaranta an koya mana faɗuwar Kano, ba a cika gaya mana cewa mutanen Bebeji ne suka fara karɓar wutar ba. Ta arewa da birni, kusa ƙwarai, akwai Fanisau, inda Sarki Ibrahim Dabo yake da gida, kuma a can Bature Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. Wannan ma tafiyar hantsi ce kawai.

Wani zai ce, to ai duk wannan ana iya karantawa a waya. Ana iyawa. Amma gani ya kori ji, kuma akwai abin da ba a rubuta ba. A kusan kowane tsohon gari akwai wanda zai nuna maka inda ganuwa ta bi ko da yanzu tudu ne kawai a tsakiyar gonar gero, ya gaya maka sunan ƙofar da babu ita, ya nuna maka kukar da aka ce a gindinta aka fara sauka, ko rijiyar da ta girmi kowa a garin. Waɗannan mutane suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka binne irin wannan dattijo, tudun nan ya zama ƙasar da za a ɗiba a yi bulo. Mun ga yadda aka yi da ganuwar birni kanta, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce: ana kallo aka yanka ta filaye. In ta cikin birni ba ta tsira ba, ta ƙauye da babu mai zuwa dubawa fa? Wurin da baƙi suke zuwa gani, mutanen garin kansu sukan fara ganin darajarsa. Dagacin da ya ga matasa sun taso daga birni a kan kekuna don su ga kufai, zai yi tunani kafin ya bari a haƙe shi.

Maganar tsaro kuwa ba zan ɓoye ta ba, don ba na son wani ya karanta wannan ya jefa kansa cikin hatsari. Akwai sassan Arewa da yanzu ko a mota ba a shiga, balle a keke. Daji irin na Falgore ba wurin yawon buɗe ido ba ne ga mai keke, haka duk yankin da ake jin ɗuriyar 'yan bindiga. A tambayi mutanen wuri kafin a tashi, kada a tafi mutum ɗaya, a dawo gida kafin magariba. In an isa gari a fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci a faɗi abin da ya kawo mutum. Zamanin nan baƙon da ke zagaye yana ɗaukar hoto ba tare da ya yi sallama ba, shi ya jawo wa kansa zargi. Kada a ɗauki hoton matan mutane, kada a ratsa gonar da aka shuka, kuma in an ce wuri kaza ba a hawa, to ba a hawa.

Ba sai ka sayi keken tsere na dubban ɗaruruwa ba. Tsohon Phoenix mai kariyar ɗaura kaya ya isa, in dai birki na kamawa kuma sarƙa ta sha mai. Babban abokin gaba a hanyar ƙauye tsidau ne da ƙayar aduwa, don haka a riƙe famfo da kayan faci, ko da yake da wuya ka wuce gari biyu ba ka tarar da mai faci a gindin bishiya ba. Ruwa ya fi komai. Lokacin da ya fi daɗi daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu. Bazara ba ta da wasa, damina kuma laka za ta cinye maka rana. Abinci a saya a can: fura da nono, ƙosai, gurasa, rake. Kuɗin da ka kashe a garin yana cikin abin da zai sa a yi murna da zuwanka.

Burina na gaba ya wuce iyakar jiha, duk da cewa kafin 1991 duk Kano ce. A Birnin Kudu ta Jigawa akwai zane-zane a jikin duwatsu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda mutanen da suka yi su suka shuɗe tun ba a san ana rubuta tarihi a ƙasar nan ba. Shanu ne aka zana, cikinsu har da marasa tozo, irin da ba ka gani a garken Fulanin yankin yau. A nan kuma akwai duwatsun da in an buga su suke amsawa da ƙara mai zaƙi. Tafiyar ta haura kilomita 100 daga Kano, saboda haka sai dai a ɗaure kekuna a saman mota zuwa garin, a sauke, a zagaya duwatsun da ƙauyukan gefensu a tsanake. Malaman tarihi na sakandare da shugabannin ƙungiyoyin matasa na unguwanni, da ku nake: ku haɗa yara goma masu keke, ku samo dattijo ɗaya da ya san hanya, ku fara da Fanisau ko Santolo a Asabar ɗin farko bayan an gama girbi.