An Yi Maka Transfa Zuwa Abuja? Bar Iyali A Gida Tukuna

Duk wanda takardar canjin wurin aiki ta fito masa zuwa Abuja, 'yan uwa barka suke yi masa, wai an shiga birnin tarayya, kakarsa ta yanke saƙa. To, barka ɗin ce. Amma ra'ayina, kuma na san wasu matan ba za su so shi ba, shi ne kada ka ɗauko kowa a tafiyar farko. Tafi kai kaɗai da jakarka, ka yi wata biyu ko uku kana kwana inda ka samu, ka san hanyar ofishinka da safe da yamma, sannan ka fara maganar gida. Ban ce ka bar su shekara biyar kana zuwa ƙarshen wata kamar baƙo ba, wannan ma wata ɓarnar ce daban. Na ce wata biyu zuwa uku.

Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai, akwai alawus ɗin kwana 28 na farko da dokar aiki ta tanada a madadin masauki. Cike takardarsa tun makon farko, amma kada ka ɗora lissafin hayarka a kansa, domin ba ranar da ka nema yake fitowa ba. Gidajen gwamnati kuwa da iyayenmu suka zauna a Garki da Wuse, an sayar da mafi yawansu tun zamanin Obasanjo, aka mayar da haƙƙin gida kuɗi cikin albashi. Idan kamfani ne, kafin ka sa hannu ka tambaye su a rubuce: za su ba ka rancen haya su riƙa cira a albashi? Wata nawa? Su wa za su biya motar kaya?

Yanzu ga abin da yake kayar da mutane. Kuɗin da ejan, wato dillalin gidaje, ya faɗa maka a waya ba shi ne kuɗin gidan ba. A ce, misali, an ce maka fulat mai ɗaki biyu da falo naira miliyan 3 a shekara. Ejan zai ɗora nasa, yawanci kashi 10 cikin ɗari, dubu 300 ke nan. Sai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, wani wurin kashi 5, wani wurin kashi 10, ko da kuwa takardar kwafi ce da aka canja suna kawai. Sai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake cewa za a mayar maka ranar da ka tashi. Idan cikin estet ne, akwai kuɗin hidima na shekara: masu gadi, kwashe shara, fitilun titi, wani wurin har man janareton famfon bohol. Kafin ka karɓi makulli, miliyan 3 ta haura 4. Kuma shekara guda cif ake biya a dunƙule, sabon gini ma wani mai gidan sai ya ce shekara biyu. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudirin da zai hana karɓar hayar shekara gaba ɗaya a Abuja, aka yi ta murna a rediyo, ƙudirin bai zama doka ba. Saboda haka tambayar da za ka yi wa ejan ita ce: nawa ne jimla har makulli ya shigo hannuna? Ya rubuto maka ɗaya bayan ɗaya.

Sai zaɓen unguwa, kuma a nan zan daɗe. Maitama da Asokoro da Wuse 2 mu ajiye su gefe, mai albashi ba ya can sai in a boskwata. Tsaka-tsaki akwai Gwarinpa, Life Camp, Lokogoma, Apo, Jahi. Yawancin ma'aikata kuwa a gefen gari suke, kuma manyan hanyoyi uku ne suke ɗebo su kowace safiya. Hanyar Kubwa tana kwaso mutanen Kubwa, Dutse Alhaji, Bwari, Dei-Dei, Zuba, har Madalla da Suleja da suke cikin jihar Neja. Hanyar filin jirgi tana kwaso Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Ta uku ita ce ta shataletalen AYA zuwa Nyanya, Karu, Mararaba da Masaka, waɗannan biyun na ƙarshe cikin jihar Nasarawa. Wannan ta ukun ita ce ta fi araha a haya, ita ce kuma ta fi tsada a rayuwa. Wanda yake Mararaba yana son isa Sakatariyar gwamnatin tarayya ƙarfe takwas, da ya sallame sallar asuba sai titi. Da yamma ya sake shiga cunkoson gangaren Kugbo, ya iso gida yara sun yi barci. Litinin zuwa Juma'a ba ya ganin 'ya'yansa ido biyu. To me ya kawo su yi?

Ka zaɓi hanyar da ta fi kusa da ofishinka tukuna, sannan ka nemi gida a kanta. Mai aiki a Jabi ko Utako, ɓangaren Kubwa da Gwarinpa ne nasa. Mai aiki a Area 1 ko Garki ya duba Lugbe, Apo, Lokogoma. Mai aiki kusa da AYA ko Asokoro, Karu ba laifi. Mutane suna yin akasin haka: su ji wani ɗan garinsu yana wata unguwa, su bi shi, sai su ga kullum suna ratsa gari daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Kuma ka yi wannan lissafin da biro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Idan gidanka yana nisan kilomita 30 da ofis, kullum 60 kake yi, ƙaramar mota za ta sha lita 6 zuwa 7, cunkoso ya ƙara mata. A ranakun aiki 22 ka doshi lita 150 a wata. Ninka da farashin lita na yau, ka ninka da 12. In motar haya kake bi, a ce dubu 3 kake kashewa zuwa da dawowa, dubu 66 ke nan a wata, kusan dubu 800 a shekara. Gidan da ya fi wancan araha da dubu 500 amma ya ƙara maka dubu 800 a hanya, ina arahar? Ka kuma tuna an hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, kuma shiga kowace mota a bakin titi da dare akwai haɗarin 'yan wan-cans, ɓarayin da suke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. Gidan da zai sa ka riƙa tsayawa neman mota bayan isha'i yana da nasa farashin da ba a rubuta ba.

Ranar duba gida, ejan zai karɓi kuɗin zagayawa, kuma ba ya dawowa ko gidan bai yi maka ba. Kada ka biya ejan biyar a rana ɗaya, galibi gidaje ɗaya suke yawo da su. Da ka shiga, bar kallon tayil da fitilun silin, su aka sa don su ɗauke maka ido. Buɗe famfon banɗaki ka gani ko ruwa na zuwa, da wane ƙarfi. Ruwan gwamnati daga madatsar Usuma bai kai yawancin unguwannin gefe ba, bohol ne ko 'yan garuwa. In bohol ne, wa yake kunna shi, sau nawa a mako, wa yake biyan gyaran famfo in ya ƙone? In ba bohol, gida mai yara huɗu ko biyar zai iya shanye kura guda ta jarkoki a rana ɗaya ranar wanki. Tambayi mai garuwan layin nawa kura take a watan Maris, ba a watan Agusta ba.

Sai mitar wuta. Ka tabbata mai kati ce, kuma taka ce kai kaɗai. Mitar haɗaka da maƙwabta ita ce uwar rigima: wani yana da hita da firiza biyu, ku raba kuɗi daidai. Ɗauki lambar mitar ka je ofishin AEDC, kamfanin raba wutar lantarki na Abuja, ka tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta, domin in akwai, duk katin da ka saya sai an zaftare wani abu a biya bashin wanda ya tashi. Ka tambayi kuma layin wane rukuni ne. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A, masu alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. A wannan farashi, dubu 10 ba ta ba ka yunit 50. Wuta tana nan, amma na'urar sanyaya ɗaki guda da dutsen guga sun isa su cinye ta cikin 'yan kwanaki. Ƙananan rukunai sun fi sauƙi, sai dai ka tanadi janareta ko sola.

Duba gindin bango daga waje da ciki. Idan ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ko an yi sabon fenti a ƙasan bango kawai, danshi ne ko ruwa yana shiga. Akwai rukunin gidaje a Lugbe da Lokogoma da aka gina a kan hanyar ruwa, ambaliya ta sha shiga har cikin ɗakuna. Gidan da ka gani da rani ba ka gan shi ba. In dole da rani za ka kama, je wurin mai shagon layin, ka sayi ruwan leda, ka tambaye shi yadda titin yake a watan Agusta. Shi ba shi da kaso a cinikin. Leƙa bayan gida ka ga sokawe, ko ya cika, ko yana kusa da bohol. In ka ga alamar jan fenti a katangun unguwa, ko aka ce maka filin daga hannun mai unguwa aka saya ba takardar gwamnati, ka yi hattara. Rusau a Abuja bai ƙare da zamanin da El-Rufa'i ya yi ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007 ba, kuma in katafila ta zo, ɗan haya ba ya cikin lissafin kowa.

Akwai abubuwan da suka shafe mu musamman waɗanda ejan ba zai kawo su ba. Matar da ta saba da tsakar gida, inda za ta shanya, ta yi daka, yara su yi wasa ƙofa a rufe, ka kai ta hawa na biyu inda mutumin ƙasa zai hau yana buga ƙofa saboda ƙarar turmi. Wani gidan igiyar shanya ɗaya ce ga gida shida, kuma a gaban maza masu wanke mota take. Ina za ka ɗaure ragon layya? Masallaci nawa ne nisansa da ƙafa da asuba? Akwai Islamiyya da yaro zai je ba sai an sa shi a mota ba? Waɗannan su ne dalilin da ya sa mutanenmu suke taruwa a Kubwa, Dei-Dei, Zuba da Suleja duk da nisa, kuma ban ga laifinsu ba. Sannan ka faɗa wa mai gida gaskiyar yawanku tun farko. Wasu suna rubuta adadin mutane a yarjejeniya, kai kuma ka sani da zarar an ji kana Abuja, gidanka ya zama masaukin mai neman aiki, da mai zuwa asibiti, da mai jiran biza. Ɗauki hoton kicin da banɗaki da tsakar gidan ka tura wa uwargida, in da hali ma ta zo ta gani kafin a biya. Ita za ta wuni a ciki, kai kwana kawai kake zuwa yi.

Wajen biya, kada kuɗin haya su shiga asusun ejan. Ka ga mai gidan ido da ido, ko lauyansa ko kiyatekan da yake da takardar wakilci. Sunan da yake kan asusun banki ya zama shi ne a yarjejeniya da rasit. Damfarar da aka fi yi ita ce a nuna gida ɗaya ga mutum uku, kowa a ce masa wani zai biya gobe, a karɓi kuɗin duka. Duk wanda ya ce ka tura yanzu-yanzu kafin a ƙwace, bar masa. Gyaran da aka yi maka alkawari, a yi shi kafin ka biya, ko a rubuta cewa za ka yi a cire a haya. Alkawarin baki a kan gyara, da alat ya shiga ya mutu.

Karanta yarjejeniyar, musamman wurin notis. A dokar karɓar gida da take aiki a Abuja, mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata 6, mai biyan wata-wata yana da wata ɗaya, bayan ya ƙare kuma sai a ba shi na kwana 7 kafin a je kotu. Amma wannan yana aiki ne in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Lauyoyin masu gida sun san haka, sai su rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak mai ƙarewa da kanta, ko su sa notis na wata ɗaya. Da ka sa hannu, wata shidan ya tafi. Nemi a rubuta cewa duk ƙarin haya sai an sanar da kai wata 3 kafin lokaci, a kuma rubuta ranar da hayar ta fara: ranar karɓar makulli, ba ranar biya ba. Mararaba da Suleja kuma dokar jihohinsu ce take aiki. Ranar shiga, ɗauki bidiyon kowane ɗaki, da fasasshen tayil da ƙofar da ba ta rufuwa, ka tura wa mai gida ta WhatsApp. Bidiyon nan ne zai dawo maka da kuɗin ajiyarka.

Lokacin kwaso iyali, ka daidaita shi da hutun ƙarshen shekarar karatu, su shiga sabuwar makaranta a Satumba da takardar canji da sakamakonsu a hannu. Kuɗin makaranta ka tambaya tun kafin ka kama gida, har da na yunifom da littattafai da motar makaranta, domin in ya faɗo wata ɗaya da haya za ka ji a jikinka. Kayan ɗaki kuma a auna. Gadon da ya zauna daram a ɗakin Kano ko Gusau, da sif mai ƙofa shida, sau da yawa ba sa juyawa a matakalar fulat, in sun shiga ma ba wurin shimfiɗa darduma. Auna ƙofa da ɗaki da tef, abin da ba zai shiga ba a bar shi a gida. Motar kaya ta taso da sassafe don ta shigo da rana, wani naka ya biyo ta, ka kuma sanar da masu gadin estet tun jiya, don wasu ba sa buɗe wa babbar mota geti bayan magariba.

Watan da ka shiga, buɗe asusu daban ka fara zuba kashi ɗaya cikin 12 na hayar baɗi, ka ɗora wani abu a kai saboda ƙari. A gidan miliyan 3, dubu 250 ke nan duk wata kafin ƙarin.