Wata huɗu a kan gidan Alhaji

Kun dai san madubin hangen nesan nan da na tsinto wajen 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, mai ido biyu, ɗayan ma a tsage. To da na je ƙauyenmu na bayan Ringim, ana idar da isha'i na ɗare soron Kawu zan kalli Mushtari, tauraron nan da Turawa ke kira Jupiter. Tun 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya hango watanni huɗu suna kewaya shi, yanzu ma an ƙirga sama da 90. Na ce ni ma bari in ga rabona.

Laifina ɗaya, ban yi shelar za a hau sama ba. Shi kuma Mushtarin ya rasa inda zai tsaya sai saitin gidan Alhaji, wanda bai yi sati biyu da yin amarya ba. Ban gama saita ido ba na ji tocila uku a fuskata.

A zauren Mai Unguwa aka durƙusar da ni, takalmi ƙafa ɗaya.

"Yaro, me kake leƙe?"

"Ranka ya daɗe, watanni."

"Watanni? Har nawa?"

"Huɗu."

Ladan ya saki salati. Ya ce su duk azumi guda ɗaya suke nema, sai sun kwana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, ni na samu huɗu dare ɗaya. Sai ga muryar mai shayi daga bakin ƙofa: "Ai matan Alhajin ma huɗu ne."

Zaure ya ɗauka. Mutumin nan fa canjina na naira 200 yana hannunsa tun Babbar Sallah, kullum sai ya ce gobe. Shayin nasa ma ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa. Wa ya kira shi? Teburinsa ya bari babu kowa ya taho kallo.

Mai Unguwa ya ce a fita ya gani da idonsa. Kafin nan hazo ya rufe gabas ruf. Ya ɗora madubin, ya yi ta lalube, can ya ce ga wani ja yana ƙiftawa. Don neman tsira na ce, "Jan tauraron nan Mirrihi ke nan, ranka ya daɗe!" Wani yaro ya ce, "Baba, fitilar ƙarfen sabis ce."

Kawu ya kulle tsaninsa a ɗaki. Madubin yana wajen Mai Unguwa, an ce da shi yake duba shanunsa a fadama. Takalmin dai har yau ban gan shi ba.