Zazzaɓin Lassa: fiye da shekara 50 babu allurar rigakafi

A 1969 aka gano wannan cuta a garin Lassa na jihar Borno ta yau, kuma har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince da ita ko'ina a duniya. Korona kuwa, da ta taɓa ƙasashe masu arziki, cikin kusan shekara guda aka samo mata rigakafi. Ilimin yana nan. Abin da Lassa ta rasa shi ne masu kuɗin da za su damu da ita, domin talakan karkara take kashewa, sai likitoci da ma'aikatan jinyar da ke kansa.

Ƙwayar cutar tana zaune a jikin ɓera ba tare da ta kwantar da shi ba. Fitsarinsa da kashinsa kan gurɓata hatsin da aka shanya ko aka zuba a rumbu, daga nan ta shiga mutum, musamman da rani. Da farko kamar zazzaɓin cizon sauro take, sai a yi ta shan maganin maleriya har lokaci ya ƙure. Wasu da suka warke ma kan kurumce. Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne ke shan wuyarta kusan kowace shekara. Rufe abinci da kashe ɓera wajibi ne, amma wa zai ƙarar da ɓeran ƙauye?

A 2024 ƙungiyar IAVI mai binciken alluran rigakafi, da tallafin CEPI, wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke ba da kuɗin irin wannan bincike, ta fara gwajin wata allura mataki na biyu a Najeriya, Ghana da Laberiya. Abin farin ciki ne, sai dai kuɗin daga waje yake, wannan kuma yana min ciwo. Cibiyar Yaba da ke Legas ta taɓa yin allurar rigakafin cutar shawara kafin ta tsaya a 1991; ta Vom a Filato kuwa ta dabbobi take yi. Ya kamata gwamnati ta ware wa binciken Lassa kaso bayyananne a kasafin kuɗi.

Sai batun amana. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, kuma wannan tabon ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Idan gwajin allurar Lassa ya kai mataki na uku, dubban mutane za a nema. Tun yanzu a zauna da sarakuna, malamai da iyaye mata, a bayyana musu da Hausa abin da ke cikin allurar, da haɗarinta, da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan wani ya cutu.