Mai tace bidiyo a kan hanya, ka tambayi kyamararka kafin ka zaɓi firosesa

Duk wanda aikin bidiyo ke kai shi gari-gari, yau ɗaurin aure gobe taron wata ƙungiya, kuma ana jiran a ga aikin kafin ya dawo gida, bai kamata ya fara cinikin laftof da tambayar "i7 ce ko i9?" ba, wato wane aji ne na firosesar Intel, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke cikinta. Wannan tambaya ta cinye kuɗin mutane da yawa, kuma abin yana damuna, domin kuɗi ne da aka daɗe ana tarawa. A ganina abu biyu ne ke yanke hukunci: wane irin fayil kyamararka ke fitarwa, sannan nawa ne ke saura daga ƙarfin na'urar idan an zare caja ana kuma zafi.

Lambar i7 ita kaɗai ba ta faɗin komai. Akwai i7-7500U, wadda har yanzu ta cika kasuwar tokumbo, ƙwayoyin aiki (sassan firosesa da ke raba aiki a tsakaninsu) 2 kacal gare ta, alhali i5-8250U da ta biyo bayanta tana da 4. Ita ta farkon ma ba ta cikin jerin da Windows 11 ke karɓa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Haka abin yake a sababbi: i7-1255U manyan ƙwayoyinta 2 ne, i5-12500H kuwa 4. Sirrin yana harafin ƙarshe. A wajen Intel, U na nufin an gina ta a kan wat 15 don aikin ofis, H wat 45, HX kuma wat 55 ne mafarinta, tana iya haura 150 idan aiki ya yi nauyi. AMD, kamfanin da ke ƙera firosesar Ryzen, na da HS a tsakiya, wajen wat 35, kuma wannan ajin ya dace da matafiyi.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Yawancin kyamarori da wayoyi suna matse bidiyo ne da H.264 ko H.265, wanda ake kira HEVC. Irin wannan matsi ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yana ajiye ɗaya, sauran kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai. Saboda haka duk sanda ka ja layin tacewa baya ko gaba, dole kwamfuta ta koma ta sake gina hotunan daga tushe. Idan ƙwayoyin firosesa ne ke wannan aiki da kansu, fanka za ta kama ihu, batir ya zube, hoto ya riƙa tsalle. Idan kuwa akwai wani sashe na musamman da aka ƙera don warware wannan matsin, aikin zai tafi sumul da wuta kaɗan. A Intel sunansa Quick Sync, yana nan tun 2011. Apple ma na da nasa injin bidiyo a cikin jerin M.

Amma ba kowane sashe ke warware kowane fayil ba. Kyamarori irin su Canon R5 da R6 da Sony A7S III da FX3 da A7 IV suna iya ɗauka a 10-bit 4:2:2, wato launi mai yalwa da ke jure gyara. HEVC na wannan aji, Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama yana warware shi da Quick Sync, Apple ma haka. Sashen bidiyo na AMD ba ya yi. Katunan girafik na Nvidia ma ba su fara ba sai a jerin RTX 50 na 2025. Shi ya sa za ka ga laftof ta wasanni mai Ryzen 9 da RTX 4070, mai tsada da nauyi, tana sarƙewa a kan fayil ɗin da siririyar MacBook ke kunnawa ba gargada. Ryzen ɗin ba rago ba ne, an ɗora masa aikin da ba shi da kayansa ne. Wanda kuwa ke ɗauka da waya ko da kyamara a 8-bit 4:2:0, wannan matsala ba tasa ba ce, kuma AMD za ta ba shi ƙarfi mai kyau a kuɗi mai sauƙi.

Kada ka yi hasashe. Sauke MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗaya daga katin kyamararka, ka karanta abu uku: H.264 ne ko HEVC, 8-bit ko 10-bit, 4:2:0 ko 4:2:2. Masu Sony su lura: saitin ɗauka na XAVC S a 10-bit 4:2:2 H.264 ne, kuma Quick Sync na yawancin laftof ba ya warware shi, XAVC HS kuwa HEVC ne. Sauya wannan saiti ɗaya a kyamara kan magance abin da mutum ke shirin sayen sabuwar na'ura dominsa. Manhaja ma na da tata rawar: DaVinci Resolve ta kyauta a kan Windows ba ta buɗe wasu fayilolin 10-bit, sai an sayi nau'inta na kuɗi, Studio.

Sai batun wuta. Laftof mai firosesar HX da babban katin girafik tana zuwa da cajar wat 230 ko fiye, kuma cajar kanta kaya ce a jaka. Da ka zare ta daga bango, na'urar za ta rage wa kanta ƙarfi sosai, domin batir ba zai iya ba da wutar da take nema ba. Gudun da ka gani a gwajin YouTube na lokacin da take jone ne. A cikin mota, ko masaukin da ake kashe janareta da tsakar dare, wata na'ura ce daban a hannunka. Batirin kuma ba zai ƙara girma ba, tunda ƙa'idar jiragen sama ta tsaya a 100Wh ba tare da neman izini ba. Shi ya sa manyan laftof ke tsayawa a 99 da ɗoriya. Fawa-bank mai 20,000mAh wajen 74Wh ne, mai 27,000mAh yana daf da iyaka, kuma a jakar hannu ake shiga da shi. Don haka ina fifita na'urar da ke aiki sosai da cajar USB-C mai wat 65 zuwa 100. A nan MacBook Pro ta yi zarra, don gudunta a kan batir kusan ɗaya ne da na kan caja. Tun daga M1 Pro na 2021 akwai injin ProRes a ciki, wato tsarin fayil na Apple mai sauƙin tacewa, M2 zuwa sama ma haka, amma M1 ta farko ba ta da shi.

Zafi ma abin lissafi ne. Apple ta rubuta cewa a yi aiki da MacBook a yanayin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yakan wuce 40. Firosesa idan ta kusanci digiri 100 takan rage gudu don kare kanta. MacBook Air ta jerin M ba ta da fanka sam. Ta isa gajerun bidiyoyi na Instagram da TikTok, amma fitar da walimar awa guda a 4K cikin ɗaki mai zafi zai ja ta ƙasa. Masu fanka kuma ƙurar hunturu ce ke toshe musu hanyar iska, a riƙa buɗewa ana hurewa, kada kuma a ɗora su a kan katifa.

RAM kada ta gaza 16GB, 32GB idan 4K ne abincinka, kuma ka tambaya ko a manne take, domin ta Apple da ta sirara da yawa ba a ƙara ta daga baya. M1 mai 8GB tana da arha, amma za ta takura ka. Laftof mai firosesar Snapdragon X batirinta na daɗewa, sai dai ka tabbatar manhajarka da ƙarin kayanta suna aiki a kai kafin ka biya.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai firoksi: Premiere Pro da Resolve duka suna yin ƙananan kwafi a ProRes Proxy ko DNxHR LB, ka yi tacewa da su, wajen fitarwa manhaja ta koma kan na asali. Ka bar su suna haɗuwa da dare inda akwai wuta. Ka tanadi SSD na waje, domin ɗauka a 100Mbps na cin 45GB a awa.

Ranar ciniki ka tafi da fayil ɗinka a filashi. Ka roƙi mai shago ya bari ka zare caja, ka kunna fayil ɗin a manhajar da kake aiki da ita, ka ja shi gaba da baya, sannan ka fitar da minti 10 kana kallon zafi da gudu a manhajar HWiNFO idan Windows ce. Minti biyun farko kowace na'ura jaruma ce, daga na biyar ake gane ta. In MacBook ce ta hannu, ka duba adadin zagayen cajin batir, ka kuma tabbatar an cire asusun iCloud na mai ita na farko kuma ba a ɗaure take da rajistar wani kamfani ba.