Su ma masana'antarsu ta mutu, amma ba su bar kangon ga ciyawa ba

Ranar Lahadin da ta wuce na kai yara wani wurin shaƙatawa a nan Duisburg, Landschaftspark suke ce masa, kuma wallahi tun da muka dawo zuciyata tana Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna da suka mutu. Shekarata ta shida kenan a Jamus, na je wurin nan ya fi sau goma, amma wannan karon ne ya fi taɓa ni, don muna can saman tsohon tanderun narka ƙarfe da ke wurin ɗana ya juyo ya ce Baba, kamfanin da Kaka ya yi aiki a Kaduna shi ma ana hawa samansa haka? Na rasa amsar da zan ba yaron nan.

Wurin fa asalinsa masana'antar narka ƙarfe ce ta kamfanin Thyssen, tun 1901 aka kafa ta, aka yi ta aiki har 1985 da aka kashe wutar tanderun ƙarshe, ma'aikata kowa ya kama gabansa. Wato su ma sun ɗanɗana abin da muka ɗanɗana, ba wai aljanna ce ba. Da farko ma maganar rushewa aka yi, mutanen gari suka tashi suka ce ba a isa ba, daga baya aka ba wani mai zanen lambuna Peter Latz aikin, a 1994 aka buɗe wa jama'a. Fili ne ya kai hekta 180, ba geti ba tikiti, dare da rana kowa ya shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su goge komai ba. Tanderu na biyar yana nan tsaye da tsatsarsa, kusan mita 70, ka bi matakalar ƙarfe kana haki har ka kai sama, in ka sauko tafin hannunka ya yi ja saboda riƙe ƙarfen, iska kuma kamar za ta ɗauke maka hula. Tankin da suke ajiye gas a da sun cika shi da ruwa ana koyon nutso a ciki, manyan rumbunan siminti da ake zuba tama da gawayi yanzu matasa ke hawa bangonsu da igiya, da bazara har sinima ake nunawa a inda ruwan ƙarfe yake kwarara. Itatuwa sun fito a tsakanin tsofaffin layukan dogo an bar su. A can saman na ga wani tsoho riƙe da hannun jikarsa yana nuna mata wani bututu yana ta bayani, ban ji duka ba amma na gane a nan ya ci ƙuruciyarsa.

To mu fa? Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, tun 1957 ta fara aiki zamanin Sardauna, bayanta masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da Nortex suka biyo, audugar Funtuwa da Gusau nan take ƙarewa. Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ya san jiniyar canjin shif, ya san yadda kekuna ke cika titi lokaci guda, masu kunu da ƙosai sun kafa layi a bakin geti. Mahaifina Allah ya jiƙansa shekara ashirin da wani abu ya yi a ɗaya daga cikinsu, kullum ya dawo da burbushin auduga a gashin kansa Inna tana karkaɗe masa. Sai rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa ƙwauri suka haɗu suka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, KTL ta tsaya a 2002. Zuwana gida na ƙarshe na leƙa ta katangar inda Baba ya yi aiki, ciyawa ta fi tsayina, an kwashe kwanon rufi a wani ɓangaren, yaran unguwa kuwa suna buga ƙwallo a kan titi ana tsayar da wasa duk lokacin da mota ta zo.

Na san abin da za a ce mini, ƙanina ma ya faɗa a waya, ya ce Yaya mu aiki muke nema ba wurin shan iska ba. Gaskiyarsa ne kuma ni ma da za a tada injinan nan gobe na fi kowa murna. Amma fiye da shekara ashirin muna jin za a farfaɗo za a farfaɗo, tsorona kar wata rana mu wayi gari an yanka filin fuloti fuloti an jera shaguna, injinan kuma 'yan gwangwan sun auna a kilo, shikenan ba aikin ba tarihin. Ba duka nake cewa a mayar lambu ba, ko ɓangare ɗaya ne a ware. Sai dai a fara gwada ƙasar tukuna, don ruwan rini da ya yi shekaru yana bin kwata zuwa kogin Kaduna ba abin wasa ba ne, a Duisburg ma sai da suka rufe wasu wuraren masu guba kafin su bar yara su taka.

A bar getin yadda yake, a bar ɗaki ɗaya da injinan saƙa a ciki, a dasa darbejiya da mangwaro, a yi wa yara filin ƙwallo da wurin zama na mata da tsofaffi, jiniyar nan ma a gyara ta. Katin aikin Baba yana nan wurin Inna a ƙasan akwatinta, da hotonsa sanye da kakin kamfani, ranar da aka buɗe ɗakin nan ni da kaina zan roƙe ta ta ba ni in kai.